Hannun da Malam Garba ya ƙi miƙo mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina saka takalmi zan fita, Nasiru ya kira ni: mahaifinsa, abokina Malam Garba Dogo, ya rasu.

Tun zamanin soja muke tare, lokacin da kuɗin mai suka shigo gari, kowane ƙaramin ma'aikaci ya sayi babur, ban da ni. Kullum sai ya biyo unguwarmu Gidan Igwai ya ɗauke ni zuwa ofis. "Hau mu tai, malalaci," in ji shi.

Bara ya canza. In ya zo majalisarmu ta Gawon Nama bayan la'asar ba ya musabaha da kowa, sai dai ya dafe ƙirji daga nesa. Muka ce yaransa sun yi arziki, girman kai ya shiga. Ni na fi kowa zaƙewa a maganar nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, da gangan na miƙa masa hannu a gaban jama'a. Ya ɓoye nasa cikin riga. Na ce, "To, mu talakawa hannunmu datti gare shi ko?" Aka kwashe da dariya. Ya yi murmushi kawai, ya ce, "Yi haƙuri, Sani."

Ɗazu da muka dawo daga maƙabarta Nasiru ya ja ni gefe.

"Baba, ciwon babanmu kansar ƙoda ta, har ta kai ga huhu, shi yah hana mu faɗi. Likita yab ba shi zaɓi: ko allurar ƙarin ruwa, shi zamna wurina Abuja, ko ƙwaya shi riƙa sha gida. Ƙwayar da yaz zaɓa ta saluɓe mai tafin hannu, ko kofin shayi bai iya riƙewa. Mun roƙe shi shi koma ga allurar, yaƙ ƙiya. Yac ce in yat tafi Abuja, da wa za shi zamna bayan la'asar?"

Na kasa kallon yaron nan.

Don ya zauna da mu ya zaɓi maganin da ya cinye masa hannu, ni kuma na sa aka yi masa dariya a kan hannun. Wallahi kunya ta ishe ni, ga shi babu wanda zan ba haƙuri.

Allah ya jiƙanka Garba, ya sa ciwon nan kaffara ne, ya haskaka kabarinka. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara.