Sunan ɗiyata ta fari ya kuɓuce mini da Faransanci

Iyaye mata, ku lura da abin da ke fita bakinku gaban yara, don ni yau kaina ya ɗaure.

Jiya ina tankaɗe, ɗiyata ta fari ta zo tana tambayata gishiri da Faransanci. Na daka mata tsawa: "Ke yarinya, nan lakwal ne, makarantar bokonku? Kwana biyun nan ba ki yi mini Hausa. Raini ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, in muna Faransanci kina kiran sunana. In Hausa ce, sai ke yarinya."

Rariya ta tsaya a hannuna. Ni 'yar Tibiri ce, a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, wannan kunya ce da tarbiyya. Amma tun da malamai suka shiga yajin aiki nake koya mata karatu a gida da Faransanci. Ashe a nan sunan ke fita bakina, ban ma ji ba.

Yarinya ta ɗauka a yare ɗaya kaɗai nake son ta. Na shiga ɗaki na gwada faɗinsa cikin Hausa, wallahi harshena ya ƙi.

Ku gaya mini in ɓarna na yi, amma ga dokar da na kafa. A gidan nan Hausa za a yi, ba musu. Sai dai kullum bayan la'asar akwai karatun Faransanci, ni da ita, ko da an koma lakwal.