Jan Alli da Shuɗin Alli

Shekarar da na yaye autana, wata malama mai bincike ta zo unguwarmu ta Shango da sikeli mai ƙugiya da buhunan garin kunu. Ta tara mu mata a gindin mangwaro ta yi bayani. Garin an haɗa shi da abubuwan gina jiki, ana so a gane ko yana sa yara ƙiba. Gidan da aka shafa wa jan alli zai samu gari, gidan shuɗi kuwa awo kawai za a riƙa yi wa yaransa. In bayan wata shida 'yan ja sun fi nauyi, za a raba wa kowa. In ba su fi ba, an bar maganar.

Ƙuri'a ta ba ni ja. Maƙwabciyata, 'yar kudancin Kaduna da mijinta ke aikin jirgin ƙasa, ta samu shuɗi, ita kuwa ke da yarinyar da ake ganin haƙarƙarinta ta cikin riga.

Katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce, kuma tun da muka tare ban taɓa sauke tukunya ban miƙa kwano ta kanta ba. Ranar farko na dama kunun, autana na sha, ina jin tarin yarinyar daga can. Na ce a raina, Allah zai tambaye ni haƙƙin maƙwabci, ban taɓa jin an ce zai tambaye ni alli ba. Na raba garin biyu da gwangwanin madara, na miƙa.

"Maman yara, malama ya ce mu ba a ci," in ji ta.

"Ai ba ke za ki ci ba. Yarinya ce za ta sha."

Ashe duk layin haka ake yi, kowa na ɓoye wa kowa. Wata tsohuwa 'yar Bida har mijinta ya yi kumatu da shan kunun.

Ranar awon ƙarshe malama ta rataya yara a sikeli ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana duba takardunta. 'Yan ja da 'yan shuɗi duk sun murje daidai wa daida.

"Garin ba ya aiki ke nan," ta ce a sanyaye. "Sai in rubuta a daina."

Na dubi yarinyar maƙwabciyata, wuya ya cika, tana wasa da ƙugiyar sikeli. In aka daina, na san inda za ta koma. Na miƙe.

"Malama, ki yafe mini. Na ci amanar allinki."

Maƙwabciyata ta ɗaga hannu. Tsohuwar Bida ta ɗaga, ta ƙara da cewa a yafe wa mijinta shi ma. Kafin a jima babu hannun da ke ƙasa.

Malama ta yi dariya har da hawaye.

"Hajiya, shekara guda na yi ina tsara aikin nan. Na tuna da zazzaɓi, na tuna da damina. Ban tuna da katanga ba."

Allah ya saka mata, ba ta rubuta a daina ba. Ta sake tsari: Shango duka ja, shuɗi kuma can unguwar Ketaren Gwari, inda kwano ba zai kai ba. Yarinyar ta ci gaba da shan kununta a fili.

Ban gaya wa malama ƙanwata a Ketaren Gwari take aure ba, da 'yan biyunta masu ƙafa kamar tsinke. Sati biyu na daure. Ranar Juma'a na yi istigfari, na ɗauko gwangwanin madara, na tsayar da ɗan acaba.