Motar Auta da Jan-bakin Gonar Inna

A gidanmu, duk abin da zai ɗauki mutum ko ya yi masa aiki ba ya zama namu sai Inna ta ɗora masa hannu. Haka muka taso muka gani. Kwalekwalen da marigayi Baba ya sayo, shanun huɗa, injin ban-ruwa, har babur ɗin mijina, duk sai da aka kai su ƙofar gidanmu na ƙauye, can bayan Auyo, ta shafa tafin hannunta a jiki ta yi addu'a, sannan a ce abu ya shigo gida. Ba wanda ya taɓa tambayar asalin al'adar. Ban kuma taɓa ganin ta hana wani abu hannunta ba, sai motar autanmu.

Auta ya daɗe a Legas. Tun yana ƙarami mota ce ciwonsa. Idan aka tura shi korar tsuntsu a gonar shinkafa, sai ya ɗaure igiyar gwangwanaye a jikin rumfa ya gudu bakin titi, ya zauna yana kallon masu wucewa. Inna ce ke rufa masa asiri, ta bar aikinta ta je ta yi ihun da ya kamata ya yi, don kada Baba ya sani. Da ya girma ma halin bai sake ba. Yakan zo gida kamar baƙo, ya kwana biyu, da asuba kafin a idar da lazimi ya sulale. Aike kam ba ya yankewa, amma Inna takan ce aike ba ya gaisuwa.

Ni ina zaune a Haɗeja, ina koyarwa, kuma ni ce mai shegen son sanin yadda abu ke aiki, ni na taɓa kwance rediyon Baba na kasa mayarwa. Saboda haka ranar da Auta ya tsaya a ƙofar gidana da wata mota ja wur, lokacin zafi, shinkafar rani ta fara fitar da kai, ko ruwa ban ba shi ba na fita kallo. Ban taɓa ganin irinta ba. Ƙasa-ƙasa take, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta shige ƙarƙashinta. Hancinta dogo, bayanta guntu, ƙofa biyu kacal, tayoyin baya faffaɗa kamar na tarakta, ga bakin salansa har huɗu. Ya ce 'yar Amurka ce, irin wadda ake ƙerawa don ƙarfi da gudu. Wai siffar ta tsofaffin motocinsu ce ta zamanin da, suka sake zana ta, suka bar mata tsohon jiki suka zuba mata sabon ciki. Ya buɗe bonet ya nuna min injin, silinda takwas, huɗu nan huɗu can suna fuskantar juna. Na tambaye shi ina amfanin takwas alhali huɗu na kai mutum Kano. Ya yi dariya ya ce in shiga in ji.

Shigar ma aiki ce, sai da na tattare zanina na zube ciki kamar mai zama a tabarma. Gabana babu allura ko ɗaya, allo ne na gilashi kamar na waya, yana sauya kama duk lokacin da ya taɓa wani maɓalli. Na dame shi da tambaya, shi kuwa abin nema ya samu. Akwai maɓallin tafiya cikin ruwan sama, akwai na tafiyar yau da kullum, akwai na filin tsere. Ƙafafun baya ne ke tura ta, ba na gaba ke jan ta ba. Giya kuwa da yatsu yake sauyawa, da wasu 'yan fikafikai a bayan sitiyari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne har muryarta ana iya zaɓa mata. A cikin salansar akwai wasu murafai, idan ya rufe su ta yi laƙwas, idan ya buɗe sai ta yi ruri.

Da muka fita gari muka samu miƙaƙƙiyar kwalta ba kowa, ya tsaya cak. Ya danne burki da ƙafa ɗaya, ya taka totur da ɗayar, motar ta kama karkarwa, sai ya saki burkin. Na ji an manna ni da kujera, bishiyoyi suka zama zare. Salati na yi da ƙarfi, na ɗirka masa duka a kafaɗa. Amma gaskiya ɗaya ce, da ya rage gudu sai da na ce ya ƙara sau ɗaya. Wannan motar dai da ta kusa fitar min da rai, da muka iso tudun rage gudu na bakin kasuwa, sai ga ta tana hawa a karkace a hankali, masu babur suna wuce mu suna yi mana sannu.

Daga nan muka kama hanyar gida, muka haye gada. Dab da ƙauyenmu ya danna maɓallin nan ya rufe mata baki. Ya ce bai dace ya shiga gaban Inna da hayaniya ba. A nan na gane duk wannan tafiya daga Legas ba don ni ko 'yan kallo aka yi ta ba, hannun Inna ya zo nema.

Ta fito a hankali, ta amsa gaisuwarmu da wata murya a dishe, da ƙyar ake ji. Tsuntsayen jan-baki ne suka sauka a gonaki, kwana da kwanaki tana ihu safe da yamma. Ta zagaya motar hannuwanta a baya. Ta sa aka buɗe but, ta leƙa, ta ce buhu nawa yake ci. Auta ya ce ɗaya, in an matsa. Ta leƙa kujerar baya, ta tambaya ko za a iya kwantar da mara lafiya a kai shi asibiti. Ya ce da wuya. Ta ce damina fa, in ruwa ya hau hanya? Ya ce sai dai a ajiye ta.

"To me take ɗauka, Auta?"

"Ni, Inna. Da mutum ɗaya."

Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya tsare, ta juya ta shige gida. Hannuwan nan suna nan a bayanta, ba ta kwance su ba. Maƙwabta da suka taru suka yi ta Allah ya sa rai aka yi wa, amma kowa ya ga abin da ya faru. Na ji haushin Inna a ranar, na kuma ji tausayin Auta har cikin raina. Ƙato da gemunsa, ya tsaya riƙe da makulli kamar yaron da aka hana kuɗin makaranta. Bayan la'asar ya ce min jibi zai koma, kuma idan ya isa zai sayar da ita, don ba zai iya hawan abin da Inna ta ƙi taɓawa ba.

Washegari da sassafe muka tarar ta riga ta tafi gona. Gonar tana gefen titi, a gangare, bayan ta kuwa fadama ce cike da ciyawar kacala, inda tsuntsayen ke kwana. Muka bi ta a motar, ya ajiye a gefen hanya ya kashe, muka gangara. Inna na kan rumfar tsakiyar gona, igiyoyi sun fita daga hannunta zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye da tsummokaran leda. Wanda bai taɓa ganin jan-baki ba zai ɗauka hayaƙi ne ya taso daga fadama. Ɗan tsuntsu ne da bai kai tafin hannu ba, amma idan suka zo sai sun rufe rana, kuma lokacin da ƙwayar shinkafa ke da ruwa-ruwa kamar madara suka fi so, su tsotse su bar maka ƙaiƙayi a tsaye. Suka sauka a kusurwar gabas. Inna ta ja igiya, ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Auta ya ruga cikin taɓo da shaddarsa yana tafi yana ihu. Suka tashi daga gabansa suka sauka a bayansa.

Ana cikin haka wata babbar mota ɗauke da buhunan taki ta zo wucewa, ta tarar motar Auta ta ci rabin hanya, direban ya kama hon. Auta ya haura da gudu don ya gyara. Abin da ya manta shi ne, idan aka kashe motar, murafan nan na salansa sukan koma a buɗe. Yana tayar da ita ta yi wani irin ruri da na ji shi a ƙirjina kafin kunnena. Gonar gaba ɗaya ta ɗaga. Ba kusurwar gabas kaɗai ba, har gonakin maƙwabta, tsuntsayen suka tashi sama suka dunƙule suka yi fadama.

Na ga Auta ya yi sauri zai danna maɓallin shiru, kunya ta kama shi. Inna kuwa ta saki igiya ta miƙe tsaye a kan rumfa tana kallon titi. Ta yafito ni da hannu, na matsa kusa, ta raɗa min da ragowar muryarta.

"Je ki ce masa ya sake."

Ya sake. Wannan karon ya sa ta a na filin tsere ya ba ta wuta, da ya ɗaga ƙafa sai salansar ta yi tas-tas-tas kamar bindigar mafarauta. 'Yan tsirarun da suka fara dawowa suka juya. Na zauna a kan kunyar gona na yi dariya har hawaye. Mutanen da suka zauna a Amurka suka ƙera wannan injin, da za su ga aikin da aka ba shi a bayan Auyo, ban san me za su ce ba.

Jibin da ya ce zai tafi ya zo ya wuce. Ya yi waya wurin aiki ya nemi ƙarin hutu, ni ma da an tashi makaranta sai in hau babur in taho, don ba zan bari a ba ni labari ba. Kullum da hantsi da kuma yamma yana bakin titi, Inna na kan rumfa, idan ta ɗaga mayafinta sai ya taka. Maƙwabta suka fara ƙorafi wai ya koro musu tsuntsaye, sai ya koma yin sintiri daga wannan kan gonaki zuwa wancan, a hankali, yana ruri. Mai kuwa ta sha shi kamar raƙumi, kuma ba ya yarda ya zuba mata na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, sai ya koma gidan mai a Haɗeja. Tsuntsayen ma ba wawaye ba ne. Bayan 'yan kwanaki suka fara sabawa, su tashi kaɗan su dawo. Ni na ba da shawarar a riƙa sauya mata murya, yanzu a rufe a bar su su sake jiki, anjima a buɗe ba zato. Ya yi aiki, ko da yake ba kullum ba. Kusurwar gabas dai ta tafi, amma sauran gonar ta kai har ƙwayar ta yi tauri, tsuntsu ya rage zuwa.

A kwanakin nan Auta ya yi baƙi, shaddarsa ta mutu, motar ta yi buɗu-buɗu da ƙura har jan ya dushe. Muryar Inna ta dawo. Da rana sukan zauna a inuwar rumfa su ci ɗumame da soyayyen kifi, yana ba ta labarin Legas, tana ba shi labarin waɗanda suka rasu bai sani ba. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen hannu, ni ma na kama bakina, abin da ba halina ba ne.

Ranar tafiya ya so ya yi irin tasa, da yake a can na kwana, da asuba na ji yana haɗa jaka a hankali. Ya fito ya tarar Inna ta riga shi, tana tsaye jikin motar da carbinta. Ta ce ya matso. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan bonet, cikin ƙurar, sannan ta ɗora nata a kai. Na san addu'ar da take yi wa abin hawa tun ina yarinya, Allah ya sa a mora, Allah ya kau da tsautsayi. Ta yi wannan, sai ta ƙara wadda ban taɓa ji ba.

"Allah ya sa ta san hanyar gida."

Auta ya ce amin. Ya shiga, ya kai yatsa zai danna maɓallin shiru saboda mutane na barci. Ta ƙwanƙwasa gilashin.

"Kada ka rufe mata baki. Kullum sai dai in tashi in ga ba ka. Yau ina so in ji tafiyarka."

Ya tayar da ita, karnukan unguwa suka ɗauka, kaji suka watse. Muka tsaya a ƙofar gida muna jin ta tana bin hanyar ƙasa a hankali, muka ji lokacin da ta hau kwalta ya sake ta, tana sauya giya ɗaya bayan ɗaya, ƙarar na yin nisa. Da na daina jin komai na ce mata mu shiga ciki, akwai sanyin safiya. Ta ɗaga min hannu, hannun da ƙurar motar ke jiki har yanzu, ta ce in yi shiru, ita tana jin sa, bai kai gada ba tukuna.