Na Cikin Rumbu

Duk wanda ya ce gadon gona Kaka Sale yake nema, bai san shi ba. Mutumin da ko na'ana'a ya kasa rayawa a gwangwani, me zai yi da gona?

Kun san ledar nan da yake cusawa a cikin hula. Hoton tsohuwar takardar ƙidayar gidajen ƙauyenmu ne a ciki, wani alhaji ya kawo masa daga Najeriya. Da boko aka rubuta, shi kuwa sai ajami, don haka ni ce mai karantawa. Sunan babansa Audu yake nema, wanda ya taho Makka a ƙasa. Har na haddace ta, babu Audu.

"Sake dubawa, amarya."

"Kaka, takarda ba ta haihuwa."

"Da wannan bakin naki, na sake ki."

Lokacin hajji yakan tsaya bakin titi a unguwar Hindawiyya, nan Makka, yana tare alhazai yana tambaya, daga wane gari? Ya taɓa zaunar da wani, har da saya masa shayi, shi da yake shanya ganyen shayi ya sake dafawa. Ya zayyana masa ƙauyenmu gida-gida, mutumin yana gyaɗa kai. Ashe ɗan Senegal ne, ko sannu ba ya ji. Da na yi dariya sai ya ce ai duk da haka ya fi mu saurare.

Wata tsohuwar hajiya ce ta gaya masa cewa a da, in masu ƙidaya suka shigo ƙauye, cikin rumbu ake ɓoye samari don gudun haraji. Ya dawo gida har da rangaji.

"Gida na tara an rubuta mutum huɗu. Biyar ne! Mu ne na cikin rumbu."

Na ce wannan ba hujja ba ce. Ya ce in duba, har yau wa yake ƙirga mu?

Da aka rushe unguwarsu a Nakkasa abokan hirarsa suka watse, ya dawo wurinmu. Ya yi Hausa, ƙannena su amsa da Larabci. Sai ya koma zaman bakin taga, leda a cinya. Ranar ƙarshe da ya miƙo min ita, cewa na yi ina sauri.

Ledar tana jakata. Hajjin bana zan tsaya inda yake tsayawa, in tambaya.

Allah ya jiƙanka, Kaka. Allah ya sa inda ka je an rubuta ka, kusa da Audu.