Iya Idiat da Kwanon da Ba a Wankewa

Kun gani, kada wani ya ce bai gani ba. Da rana tsaka mota marar lamba ta tsaya a Tina Junction, aka fito da Jabir tela daga shagonsa, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, aka tura shi ciki. Mai lemo ya sunkuyar da kai yana gyara lemon da ke zaune lafiya. Masu Keke suka ƙara wuta. Ku kuma da labarin ya iso wayoyinku, kuka rubuta "Allah Ya kyauta", kuka wuce kallon bidiyon biki. Laifin Jabir shi ne ya kira wani shirin rediyo ya tambayi inda aka kai akwatin zaɓen rumfarsu kafin a ƙirga ƙuri'u. Tambaya ce kawai. A garin nan mace ɗaya ce ba ta kau da kai ba, kuma ita ake wa wannan jinjina.

Iya Idiat takan hura wutarta bayan sallar asuba, a bayan gidansu da ke Laranto, lokacin da gajimare bai gama tashi daga kan duwatsu ba. Tururin shinkafa da wake yakan hau ya gauraya da shi, har mutum ya rasa wanne ne na tukunya, wanne ne na sama. Takan ce a irin wannan safiya Jos kamar ba a ƙasa take zaune ba, kamar shawagi take yi, yadda ta riƙa ganin garin cikin ruwan kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, sa'ad da mahaifinta, mutumin Ogbomoso, ke kai ta tana ƙarama. Tana juya miya tana ɗan waƙe-waƙenta cikin Yarbanci, tana faɗa da itace cikin Hausa.

Rumfarta tana fuskantar wani caji ofis da ba sai an faɗi sunansa ba. Nan take sayar da abinci shekara da shekaru. Amma kwanon farko ba na sayarwa ba ne, na wani ne da ke bayan kanta, wanda ko dai danginsa ba su san inda yake ba, ko sun sani tsoro ya hana su zuwa. Ƙa'idar wurin ita ce duk wanda ya kawo wa tsararre abinci sai ya ɗanɗana a gaban jami'i kafin a shiga da shi. Iya ta ɗanɗana abincin mutanen da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, har takan yi dariya ta ce da lomar fursunoni ta yi wannan ƙibar.

Da 'yan'uwan Jabir suka je cigiya, aka ce musu babu mai wannan suna a ciki, aka kuma tambayi babban wansa ko shi ma yana son ya huta a ciki ne. Ba su koma ba. Matar Jabir, Sumayya, kuwa haihuwa ta yi, tana cikin jego, ba ta fita. Iya ce ta neme ta har ɗaki. Ba ta tambayi jam'iyyarsa ba, ba ta tambayi abin da ya faɗa a rediyo ba.

"'Yata, mijinki me ba ya ci?"

Sumayya ta dube ta kamar ba ta ji daidai ba. "Albasa, Iya. Ko ƙanƙanuwa ce sai ya tsince ta. Jera ta yake yi a bakin kwano kamar maɓallan riga."

"Madalla. Gobe zan cika masa ita."

Washegari Iya ta ajiye kwano a kan kantar caji ofis ɗin, an yanka albasa manya-manya a kai. Saje Nnadozie ne ke aiki, wanda ya ci shinkafarta tun yana kurtu, amma har yau Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Mama, kai ka zo kuma?"

"Na zo, ɗana. Wannan na Jabir tela ne."

"Mama, na gaya maka babu Jabir a nan. Oga ya ce babu."

"To ka kai wa babun. Shi ma yana jin yunwa."

Ta ɗebi loma ta kai baki, ta tauna a hankali tana kallonsa. Sajen ya waiga, ya sosa ƙeya, ya ɗauki kwanon ya shige. Waɗanda ke zaune a benci ranar sun ce Iya ba ta zauna ba. Tana tsaye tana kallon wata 'yar taga can sama, inda hasken rana ke shiga siriri kamar zare. Da kwanon ya dawo, an cinye shinkafar tas. Albasa kuwa tana jere a baki, ɗaya bayan ɗaya, tazara daidai, aikin tela.

Ba ta wanke shi ba. Ta ɗaure shi a ɗankwali ta hau Keke. Sumayya ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga jaririn ta nuna masa. "Ga babanka," ta ce.

Daga ranar maganar "babu shi" ta mutu. Mutumin da ake karɓar abincinsa kullum, ana kiran sunansa da ƙarfi a gaban jama'a, ba a iya cewa ba a taɓa ganinsa ba, ba a kuma iya ɗauke shi a ɓoye a kai shi inda ba wanda ya sani. Wannan ce dabarar Iya tun da daɗewa. Wani daddawa yake tsincewa, wani fatar kifi yake bari, wani ba ya taɓa wake. Direbobin tashar Laranto sun san kwanukanta marasa wanki, sun kai su har Bukuru da Mangu, hannun iyayen da suka riga suka fara karɓar gaisuwa. Ba ta taɓa tambayar ko masallaci mai kwanon yake zuwa ko coci ba.

Ke ce, Iya, uwar waɗanda aka ce babu su. Ke ce kika tsaya inda masu digiri da masu manyan riguna suka ga ba girmansu ba ne su tsaya. Mu muna taro a otal muna maganar 'yancin ɗan Adam, ana raba ruwan roba. Ke kina tsaye a kan gwiwoyin da suka kumbura, kina jiran kwano.

Tana da wani mafarki da takan ba masu cin abinci labari idan ciniki ya lafa. Wai ta zo da kwano, sajen ya ce mata babu kowa, kuma a wannan karon gaskiya ya faɗa. Ya buɗe mata ƙofar, ta tarar an share ɗakin, rana ta cika shi, wata kaza ta yi ƙwai a lungu. Sai ta zauna a bakin ƙofa ta cinye abincin ita kaɗai, tana miƙe da ƙafafu. Takan ƙare labarin da dariya, ta ce ko a mafarkin ma gishiri ya yi yawa.

Ba ta ga wannan rana ba, kuma ba za ta jira ta a rumfar nan ba. Gwiwoyin sun ƙi. 'Yarta Mofeoluwa ta zo, za ta tafi da ita Ogbomoso bayan sallar Juma'ar nan, ta rantse ba za ta koma ba tare da ita ba. Mun gode, Iya. Allah Ya huta gajiya, Ya ba ki lafiyar ƙafa, Ya sa ki ci abincinki da zafinsa.

Amma Jabir yana ciki har yanzu. Doka ta ce cikin kwana ɗaya ko biyu a kai mutum gaban alƙali, shi kuwa an raɗa wa ɗansa suna ba ya nan, kuma ba a kai shi ba. Sumayya ba ta fita jego ba. 'Yan'uwansa suna tsoro, kuma tsoronsu yana da dalili. Ranar Asabar, idan ba wanda ya tsaya gaban kantar nan ya kira sunansa, za a iya sake cewa babu shi, kuma ba mai abin nunawa.

Kai mai karanta wannan, da kai ake. Kada ka tura shi gaba ka ce ka yi naka. Ka nemi mutum biyu ku raba ranakun mako, domin wanda ya je shi kaɗai ake yi wa barazana. Ku je da abinci, ku ɗanɗana, ku faɗi sunan Jabir yadda na benci za su ji, ku tambayi ranar da za a kai shi kotu, gobe ku sake tambaya. Iya tana rumfarta har safiyar Juma'a. Tashi ka je ka ce mata kai ne za ka karɓi kwanon.