Galan ɗin Ummi da hancin Yaya Sale

'Yan uwa, yau ni da ba na musu na tanka wa wan maigidana!

'Yata Ummi ce ta dawo daga makaranta, ta cika galan da yashi, ta rataye shi da igiya a reshen darbejiyarmu. Wai aikin kimiyya. Ta ce in ka ja shi har hancinka ka saki, ba zai dawo ya buge ka ba, don ƙarfin da ya tara a sama shi ne yake zama gudu, ba ya ƙaruwa.

Sai ga wan nasa, Yaya Sale, daga Sandamu. Dama ya daɗe yana cewa a cire ta daga boko.

"Wannan shirmen ake koya muku? Kawo nan!"

"Baffa, saki kawai, kar ka tura."

Ina! Ya hankaɗa shi da ƙarfi. Galan ya je ya dawo, tim a hanci! Hula ta faɗi, ga haɓo!

Ya hau faɗa: "Mara kunya! Da gangan ta yi! Daga yau ta gama makaranta!"

Maigida ya kau da kai, kun san shi gaban wansa. Ummi sai kuka.

Na tashi, na ja galan har hancina, na saki. Ya dawo gab da fuskata, ya juya.

Na ce, "Yaya, ba yarinya ce ta buge ka ba, turin da ka ƙara ne. Gobe da kaina zan raka ta."

Ko tuwo bai ci ba ya hau babur.