Zaren da Gwaggo Ba Ta Ƙullewa

A danginmu idan an ce Gwaggo Mai Keke, ƙanwar babanmu ake nufi, wadda ta yi shekara talatin tana ɗinki a ɗaki mai taga ɗaya. Ba ta taɓa kayan amare. Farar rigar da ake sa wa mamaci take ɗinka wa 'yan cocinsu, kuma tana da hanyarta: da hannu take kalmasa bakin rigar, in ta kai ƙarshe sai ta yanke zaren ta bar shi yana reto. Teloli suna mata tsiya wai ta tsufa ba ta koyi gama aiki ba. Takan ce ai rigar ta 'yan kwanaki ce. Yesu ma da ya tashi, a kabari ya bar nasa likkafanin, don me za ta wahalar da mutum ranar tuɓewa?

Ba ta haihu ba. Daga ita sai mijinta, tsohon direba, wanda tun da idonta ya yi rauni yake zama a benci bakin ƙofa yana zura mata zare a allura. Ranar da ya rasu, ita ta ɗinka tasa rigar. Da ta kai ƙarshe sai ta ƙulle zaren, ta sake ƙullewa, ta ja da haƙori. Haushin Allah take ji. Ba wanda ya gani, aka binne shi a haka.

Daga ranar ta rufe keken da tsohon zane. Ta daina zuwa coci, wai gwiwa ce. A ranta kuwa gani take ta ƙaryata Mai Ceto da hannunta, ba ta da fuskar shiga gidansa. Wata bakwai tana wanke kofi biyu alhali da ɗaya aka sha, tana share ƙarƙashin bencin da ba mai zama.

Wata safiya babanmu ya shigo da farin yadi a hammata. Ya rame ƙwarai. Ya gaya mata abin da likita ya ce, ya ce ba ya son hannun kowa a rigarsa sai nata. Ta daɗe tana kallon yadin, sannan ta faɗa masa abin da ta yi.

"Yaya, na ƙulle zaren rigar mijina. Har sau biyu. Ni ban isa in sake taɓa farin yadi ba."

Baba ya zauna a bencin, ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Auta, wanda dutsen kabari bai tare shi ba, zarenki ne zai gagare shi? Shi ma wannan haushin naki yana cikin kayan da ya ɗauka a kan gicciye. Miƙo allurar."

Ya karɓi allurar, sai a karo na huɗu zaren ya shiga.

Kwana biyu ta yi a kan rigar. Da ta kai ƙarshe, yatsunta suka tsaya, sannan ta yanke ta bar zaren yana reto.

Ran Lahadi ta tafi coci ita kaɗai, a hankali, don gwiwar ma da gaske tana ciwo. Ta zauna a layin baya, ta ajiye jakarta a wurin da direba yake zama.